Irin da Halilu Ya Ajiye

Duk wanda ya saba bin hanyar garake ta bakin tabkin Dogon Dutsi a ƴan shekarun nan ya san rumfar Halilu. Doguwar rumfa ce ta koriyar raga, an ɗaura ta a kan turakun dogon yaro, an sauke gefunanta har ƙasa domin rage kaifin rana da hana awaki shiga. A garaken da ke kewaye da ita albasa ake yi da kabeji da salati. Ita kuwa babu abin miya ko ɗaya a cikinta. Furanni ne zalla, kowane a cikin ƴar baƙar ledarsa, an jera su sahu-sahu a ƙasa, suna jiran motar da za ta kai su Yamai a dasa a ƙofar otal-otal da gidajen masu hali. Ni maƙwabcin Halilu ne, Mushe ake kirana kamar yadda ake kiran malamin makarantar boko a nan, kuma tun da na bar aikin koyarwa nakan je in zauna a inuwar rumfar. Yawancin abin da zan faɗa a gabana ya faru, sauran kuwa daga bakinsa da na matarsa na ji shi.

Mahaifinsa, marigayi Hashim, manomin hatsi ne da aka sani da kyan iri tun daga nan har Matankari. Idan kaka ta gabato yakan shiga gona da tsagaggen ganyen kaba a hannu, yana tafe yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya ga ta yi tsawo, ta cika har baki, babu domana a jikinta, sai ya ɗaura mata kaba. Waɗannan daban ake yanke su, daban ake ɗaure su, a rataye su can saman rumbu, kuma ko a shekarar da gidan ya koma cin dusa ba a taɓa su ba. Yakan ce wanda ya ci irinsa ya ci baɗi, wanda kuwa yake sayen iri a kasuwa ɗan ƙwadago ne a gonar kansa. A bayan wannan tsoho Halilu ya tashi, har idonsa ya iya zaɓe kamar nasa.

Da ya zama saurayi ya tafi Yamai cin rani da niyyar dawowa da ruwan farko, sai ya daɗe fiye da yadda ya yi zato. Ya sami aiki wajen wata mai sayar da furanni a bakin kogi, Hajiya Lubna. Da ɗaukar ruwa ya fara, sannan haɗa ƙasa da taki, daga baya ta sakar masa yayyafa iri, aikin da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ciwon mahaifiyarsa ne ya dawo da shi gida, a lokacin yana da mata da ɗiya. Hajiya ba ta so rabuwa da hannunsa ba, sai ta kawo shawara. Ta ce a Dogon Dutsi taki ba ya tsada, ruwa kuma yana kusa. Ya kafa rumfa can, ita za ta riƙa aiko masa da iri bayan damina, idan furanni sun buɗe a tsakiyar sanyi ta turo mota ta kwashe.

Wurin da ya kafa rumfar ba nasa ba ne shi kaɗai. Garkar gida ce mai rijiya, ba a raba ta ba bayan rasuwar Hashim, tana hannun babban wansu, Liman. Liman ya ba shi aronta ba da son ransa ba, yana cewa shi bai taɓa jin an kaɗa miya da fure ba. Amma da ya ga mota tana zuwa kowace shekara, kuma a shekarar da hatsi bai yi ba albarkacin rumfar nan aka auno abin da gidaje biyu suka ci, sai ya daina maganar. Wanda bai daina ba shi ne Adama mai amalanke, taubashin Halilu, wanda ke kawo masa taki. Ba ya sauke kaya sai ya yi masa kirari.

"Sarkin noman abin da ba a ci, yaushe za a kira mu tuwon fure?"

"Ranar da jakinka ya koyi shaƙar ƙamshi," in ji Halilu. "Kai kam na fid da rai."

Furen da ya fi kawo masa kasuwa shi ne wanda ake kira petuniya, musamman jan. Faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, ja wur, kuma komai yawan ledojin da aka jera sai ka ce da awo aka yi su: tsayi ɗaya, launi ɗaya, kusan tare suke buɗewa. Irinsa a cikin ƴan takardu masu hoto yake zuwa daga ƙasashen waje, ya sauka Kwatano, ya biyo ta Gaya. Ƙwayarsa ta fi ta riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, atishawa ɗaya tana iya watsar da shukar shekara. Halilu yakan gauraya shi da tankaɗaɗɗen rairayi, ya juya wa iska baya, ya barbaɗa a kan ƙasar da ya cika a tsagaggun jarkoki, ba ya rufewa. Ba ya zuba masa ruwa da buta, sai dai ya tsoma tsintsiya a bokiti ya yarfa. Idan tsiron ya yi ganye huɗu, matarsa Sahura ce take cire shi da tsinke ta dasa a leda, domin hannunta ya fi nasa taushi.

Sai aka rufe hanyar Gaya. A shekarar farko Hajiya ta tattaro ragowar takardun da ke hannun ƴan kasuwa ta aiko, tare da gargaɗin cewa ba ta ga alamar za a sami ja baɗi ba. Halilu bai tayar da hankalinsa ba. A ganinsa ma abin kunya ne a ce ɗan Hashim ya yi shekaru yana jiran iri daga hannun wani. Kafin mota ta zo a sanyin wannan shekara, ya shiga rumfa da kaba a hannu, ya bi sahun ja, ya zaɓi waɗanda suka fi girma da kaifin launi, ya ɗaura musu alama, ya ware su gefe. Bayan an kwashe kaya ya naɗe ragar kamar yadda ya saba, ya bar zaɓaɓɓun nan tare da ƴan farare da shunayya da suka yi saura, ya ci gaba da ba su ruwa har furen ya bushe, kwanson ya nuna. Ya tsinke, ya shanya a inuwa, ya murje a tafin hannu, ya zuba a ƴar gora, ya toshe bakinta da tsumma, ya ajiye cikin tukunya a ƙarƙashin gadon Sahura, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ranar da ya nuna mini gorar sai da ya girgiza ta kusa da kunnena.

"Mushe, ka ji? Daga yau ko a buɗe Gaya ko a bar ta."

Da damina ta ɗauke, Hajiya ta kira shi a waya ta ce ja bai samu ba, ko a Yamai babu mai shi. Ya ce mata shi zai yi ja, in Allah ya yarda, cike da rumfa. Ta ɗauka a wajen ƴan Ƙwanni masu shigo da kaya ya samo iri, ba ta tambaya ba. Shi kuma bai ga abin faɗi ba, tun da ba a taɓa jin manomi ya yi shela don ya ajiye iri ba. A kan maganarsa ta je ta yi wa wani babban otal alkawarin jan fure launi ɗaya, tun daga ƙofar waje har bakin ginin.

A wannan kakar ce Mus'ab, babban ɗan Liman, ya dawo daga haƙar zinariya a Jado. Bai zo da komai ba sai tari, ga mata da yara suna jiran sa a gidan ubansa. Yana son garkar ya yi albasa. Liman ya zo da kansa, ya tarar da ƙanensa yana cika leda, ya kife bokiti ya zauna, ya daɗe yana zancen ruwan bana kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Ya ce shi ba ya son a ce ya tashi ƙanensa, amma yaron nan ba shi da inda zai sa fartanya, kuma kowa a gari yana cewa tun da hanya ta rufe kasuwar fure ta mutu. Halilu ya roƙe shi ya bar masa wurin zuwa ƙarshen sanyi.

"Yaya, in motar ba ta zo ba, ni da hannuna zan kwance ragar."

"In ta zo ta kwasa kamar kullum, zan nema wa Mus'ab wani wuri, ko da haya ne," in ji Liman. "In ba ta zo ba, kai ma ka san ba ni da bakin da zan ba shi haƙuri."

Suka rabu a kan haka. Sai dai kowa ya san duk makon da ya wuce daga lokacin dashen albasar Mus'ab aka cire shi.

Irin gorar ya tsira fiye da na takarda. Halilu ya yi murna har ya bar sauran launuka, ya cika rumfar da shi daga wannan baki zuwa wancan. Sahura ce ta fara lura da wani abu tun tana dashe. Ta ce masa tsiron nan bai yi kama da juna ba, wani gajere ne mai faɗin ganye, wani ya miƙe siriri kamar mai neman hanyar fita. Ya ce mata ɗiyan ciki ɗaya ma ba tsayinsu ɗaya ba, idan sun sha rana za su daidaita. Ya ɗage ragar gefen gabas, ya rage wa dogayen ruwa, ya tsinke musu kai. Ba su daidaita ba.

Wahalar wannan sana'a ita ce mutum ba ya sanin abin da ya shuka sai ya buɗe. Manomin hatsi yana gane gonarsa tun tana ganye. Mai fure kuwa sai ya shafe watanni yana ban-ruwa safe da yamma, launin yana ƙunshe, babu yadda za a leƙa. Na farkon da ya buɗe ƙarami ne, ruwan hoda, koɗaɗɗe kamar zanen da ya sha wanki. Halilu ya tsinke shi ya sa a aljihu, ya ce ɓatacce ne, a kowace gona ana samun irinsa. Washegari wasu suka buɗe: shunayya mai duhu, fari mai zanen ja, ja mai kama da tsatsa. Kowace safiya yakan shiga tun kafin ya ɗauki bokiti, ya bi sahu-sahu yana sunkuyawa. Jan gaskiya yana nan jefi-jefi, ɗaya nan, ɗaya can, duka ba su isa cika bayan amalanke ba. Bai kira Hajiya ba, yana jiran sauran su buɗe ko za a dace.

Ya gwada duk abin da ya sani. Ya jiƙa kashin tantabara ya zuba, ko yunwa ce ta koɗar da su. Ya canja lokacin ban-ruwa. Wata gwaggon Sahura ta aiko cewa Doguwa, aljanar bakin tabki, ba ta son a cika mata wuri da ja, a nemi abin da za a ba ta. Mus'ab, wanda ba ya shiri da irin wannan magana, ya ce a bar wannan a yi addu'a. Halilu bai bi ta gwaggo ba, addu'a kuwa dama yana yi. Shi laifin kansa yake nema: ko ya tsinki kwanson bai nuna ba, ko tukunyar ta yi zafi, ko idonsa ne ya fara gazawa wajen zaɓe. Adama ya kawo taki wata rana, ya leƙa rumfar, ya sauke kayansa ya tafi ba tare da kirari ba. Halilu ya ce mini wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Hajiya Lubna ta biyo wata rana da hantsi, a hanyarta ta dawowa daga ta'aziyya a Ƙwanni, don ta ga kayan kafin ta turo mota. Ta tsaya a bakin rumfar ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ya nuna mata takardar irin, ta ga wane ɗan kasuwa ne ya cuce shi. Halilu ya sauko da gorar daga jikin turken da ya rataye ta, ya miƙa mata, ya ba ta labarin yadda ya yi, har da kabar. Ta nemi bokiti ta zauna.

"Halilu, duk shekarun da ka yi wajena, ka taɓa ganin na ajiye irin wannan furen?"

"Ban gani ba, Hajiya. Na ɗauka don kina da inda kike saye ne."

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce masu yin irin nan iyaye biyu daban suke haɗawa da hannu, kowace shekara sabon haɗi, kuma iyayen suna can wajensu, ba sa sayarwa. Abin da ke cikin takarda ɗansu ne na fari, shi kaɗai ke fitowa launi ɗaya. Jikoki kuwa kowa kakansa yake komawa, balle da aka bar su a fili kusa da farare da shunayya, ƙwari suna yawo tsakani.

"Kamar alfadari ke nan," in ji Halilu.

"Gara alfadari. Shi ba ya haihuwa, ka san inda ka tsaya. Wannan yana haihuwa, amma ba ya haifar kansa."

Ya tambaye ta ko in mutum ya dage da zaɓe launin zai zauna. Ta ce ta ji ana cewa yana zama, in an ware shi an bi shi shekaru da dama, amma da wuya ya kai na takarda. Ta ce laifin har da nata, da ba ta tambaya ba, kuma ita ma yanzu sai ta je ta san abin da za ta gaya wa mutanen otal. Gaurayen launi irin wannan kowane mai sayar da fure a bakin titin Yamai yana da shi, ba zai fid da ko hayar mota ba. Ta sa direbanta ya ɗebi jajayen ya sa a bayan ƙaramar motarta, ta yi wa Sahura sallama, ta tafi.

Liman bai zo ba. Kwanaki suka wuce yana bin wata hanya zuwa masallaci don kada su haɗu. Halilu ne ya je ya same shi a zaure bayan la'asar, ya gaishe shi, ya ce a gaya wa Mus'ab ya zo da fartanyarsa. Liman ya sunkuyar da kai, ya ce da akwai wata garkar, da bai karɓi wannan ba. Halilu ya ce ya sani.

Ya kwance ragar da hannunsa kamar yadda ya faɗa, ƙulli bayan ƙulli, bai yarda a sa wuƙa ba. Furannin kuwa ya ce duk mai so ya ɗiba kyauta. Mata kaɗan suka ɗauki ɗaya ko biyu, amma a unguwar da ake sayen ruwa da jarka babu mai ɗaukar abin da zai riƙa shayarwa safe da yamma don kallo kawai. Mus'ab kuma yana bukatar wurin, yana bukatar ƙasar da ke cikin ledojin, domin taki ne mai kyau. Lokacin albasa ya riga ya wuce shi, sai zogale. Ya zo da niyyar yin aikin da kansa, ya tsaya yana jujjuya fartanya a hannu.

"Baba, ka je gida, ni zan ƙarasa."

Halilu ya ce a'a, shi ya san yadda ake zazzagewa leda ba ta yage ba. Shi da Sahura suka zauna suna tuge furen suna jefawa gefe, suna juye ƙasar, suna ninke ledojin. Tsibin ya ɗan jima yana da launi kafin rana ta gama da shi.

Yanzu Halilu yana taya Mus'ab ban-ruwan zogale, ana ba shi rabonsa. Ragar tana naɗe cikin rumbu. Hajiya ta aiko cewa in hanya ta buɗe za ta neme shi, amma ko gobe ta buɗe babu inda zai kafa turaku.

Kwanan baya na shiga gidansa gaisuwa, na ga wani tsohon kwano a bayan ɗakin Sahura, an kewaye shi da ƙaya saboda kaji. Jan fure ne guda ɗaya, wanda Halilu ya ɓoye a bayan rijiya ranar da direban Hajiya yake lodi. Da ruwan alwala suke shayar da shi. A gindinsa an ɗaura tsagin kaba. Na tambaye shi ko bai ji abin da Hajiya ta ce ba.

"Na ji, Mushe. Ta ce shekaru da dama. Shekaru suna wajen Allah. Ƙasar ce dai babu."

"To, kabar fa?"

Ya dubi kwanon, ya ce shi ma bai san lokacin da ya ɗaura ta ba. Zafi ya riga ya fara, ganyen ƙasa sun soma rawaya, kwanson kuwa har yanzu kore ne. Ya sunkuya ya ƙara matsar da kwanon cikin inuwar bango.